Me Ake Dubawa a Kundin Zanen Gini?

Wani mai sauraronmu daga Tsafe yana tambaya: ɗansa na karatun zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, me malamai ke dubawa a kundin zanensa?

To Malam, ba ƙyalƙyalin hoton kwamfuta ake fara dubawa ba. So ake a ga yadda tunani ya taso, daga zanen fensir har zuwa taswirar da magini zai iya bi. In gida ne a Gusau ko Bungudu, ina zaure? Ta ina iska za ta shiga da bazara? Ina ruwan damina zai bi? In aikin haɗin gwiwa ne, ɗan naka ya bayyana nasa kason tsakani da Allah. Bayan karatu kuma, hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ita za ta yi masa rajista kafin ya fara sana'ar.