Yadda Ake Auna Katin Banki Kafin a Tafi da Shi Umara ko Hajji

A Achilafiya da sauran garuruwan Yankwashi, haka ma Roni, Gwiwa, Kazaure da Babura, babbar tafiyar da mutum ke tara wa kuɗi shekara da shekaru ita ce ta ƙasa mai tsarki. Wani riɗi zai sayar, wani shanun da ya turke zai kai Maigatari ranar Alhamis, wani kuma 'ya'yansa ne za su haɗu su biya masa. A da, in kuɗi sun haɗu, sai a nufi Wapa a Kano a canza su, a zuba a lalita a ɗaura a ƙugu. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuwa, katin cirar kuɗi ya shiga aljihun kusan kowa, har ana tallata wasu katunan da cewa duk abin da ka kashe za a ba ka maki ko garaɓasa, wai har ka samu ragin kuɗin jirgi. Kati yana da amfani ƙwarai a wannan tafiya, amma garaɓasar nan ita ce abu mafi ƙanƙanta a cikin lissafi. Ga yadda ake auna shi mataki-mataki, tun ana gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na ɗaya: san irin katin da ke hannunka

Katuna iri uku ne. Akwai wanda ke ɗiba daga kuɗinka da ke asusu, shi ne wanda aka fi sani a nan. Akwai wanda ake loda wa kuɗi, naira ko dala, a kashe har su ƙare. Akwai kuma katin bashi, wanda banki ke biya a madadinka, kai kuma ka biya shi daga baya. Katunan maki da ake ta yabo a Amurka da Ingila akasarinsu na bashi ne.

Daga nan duba tambarin da ke jikinsa. Visa da Mastercard su ne na'urorin Saudiyya suka saba karɓa daga baƙi. AfriGo, wanda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Janairun 2023, na amfanin gida ne, kuma da yawa daga cikin katunan da ake karɓa a hannun masu POS don gida aka yi su. Katin da ke ba ka kuɗi a tashar Kazaure yana iya ƙin motsi a Madina. Duba kuma wata da shekarar da katin zai daina aiki; suna rubuce a jikinsa. In lokacin ya kusa, a sabunta shi kafin biza ta fito.

Mataki na biyu: tsaya a kan maganar riba

Idan katin na bashi ne, wannan ce tambayar da ta riga kowace. Yadda yake aiki shi ne, ana ba ka 'yan makonni ka biya abin da ka kashe ba tare da ƙari ba. In ka wuce wa'adin, kuɗin ruwa ya hau. A Amurka, inda waɗannan katuna suka fi yawa, matsakaicin kuɗin ruwansu ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara a 2023 da 2024. Daga wannan ruwa, da kuɗin shekara da mai kati ke biya, da kason da ake yanka daga hannun 'yan kasuwa, ake fitar da makin da ake rabawa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta zauna a Riyad a shekarar 2000 ta yanke cewa bai halatta a fitar da katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa ko a yi hulɗa da shi ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin wa'adi ya cika. Wanda zai je ɗakin Allah ya fi kowa buƙatar tsarkake guzurinsa. Sai ka karɓi takardar sharuɗɗan katin, ka kai wa malamin da ka yarda da shi ku duba tare. Akwai bankunan da ba sa hulɗa da kuɗin ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Katin da ke ɗiba daga kuɗinka na kanka, na kowane banki ne, ba shi da matsalar bashi.

Mataki na uku: je banki da ƙafarka ka yi tambayoyi

Kada ka dogara da ji-ta-ji-ta ko abin da wani alhaji ya gani bara, domin dokar kashe naira a waje tana yawan sauyawa. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai kashe a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe shi baki ɗaya saboda ƙarancin dala. Sai a tsakiyar 2025 wasu manyan bankuna suka sake buɗewa, kowanne da iyakar da ya sa. Abin da aka taɓa rufewa ana iya sake rufe shi kana can.

Ka shiga reshen bankinka, a Kazaure ne ko Kano, ka tambayi waɗannan abubuwa, ka rubuta amsoshin a takarda. Shin katin a buɗe yake ga ƙasashen waje? Dala nawa zai iya kashewa a wata ko a wata uku? Iyakar cirar tsaba a na'ura ɗaya ce da ta sayayya a shago? Nawa ake cira a kowace cira? Da wane farashi za a canza naira a ranar? Wace lamba ake dannawa ko ake kira don rufe katin in ya ɓata? Sannan ka sanar da su ranar tafiyarka da ƙasar da za ka, don kada na'urarsu ta ga ana cira daga Makka ta ɗauka ɓarawo ne ta toshe katin.

Mataki na huɗu: yi lissafin canji da alƙalami

Nan ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Riyal a ɗaure take da dala tun 1986, dala ɗaya riyal 3.75. Ke nan dala 500 riyal 1,875 ce, jiya da yau. Naira ce ke rawa: kafin a sake ta a Yunin 2023 dala na kusan naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. Mai katin naira yana sayen dala ne a farashin ranar da ya danna katin, don haka in naira ta faɗi yana can, guzurinsa ya ragu yana zaune a Harami. Mai katin dala ko mai tsabar riyal ya riga ya rufe wannan ƙofa tun a gida.

Yanzu sai a ɗora garaɓasar a kan sikeli. A ƙaddara katin yana mayar maka da kashi 1 cikin 100 na abin da ka kashe, banki kuma ya ɗora kashi 3 a kan farashin canji. In ka kashe naira miliyan ɗaya, an ba ka 10,000, an karɓi 30,000. Ƙara da kuɗin da mai na'urar can zai iya yanka a kowace cira, da kuɗin shekara in katin yana da shi. Kwatanta jimillar da abin da 'yan canji za su ba ka a ranar. In kati ya fi sauƙi, madalla; in tsaba ta fi, ka sani tun da wuri.

Wata dabara kuma: wani lokaci na'urar shago ko ta cirar kuɗi za ta tambaye ka ko a caje ka da riyal ko da wani kuɗin. Zaɓi riyal. In ka zaɓi ɗayan, mai na'urar ne zai yanka maka farashin canji, kuma yawanci nasa ya fi tsada.

Mataki na biyar: duba ko makin zai yi maka aiki

Tun 1981 kamfanin American Airlines ya fara babban shirinsa na ba fasinja maki, sauran kamfanoni suka bi. Saudia tana da Alfursan, Emirates tana da Skywards, Ethiopian tana da ShebaMiles. Shiga waɗannan kyauta ne, ba sai da katin bashi ba. Lamba ake ba ka, ka riƙa sa ta duk sanda ka sayi tikiti. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirgar Jidda, Dubai ko Sin a kai a kai yana iya cin moriyarsu.

Mai tafiya sau ɗaya a shekaru kuwa, ya tambayi kansa abubuwa uku. Makin yana mutuwa? A shirye-shirye da yawa yana da wa'adi. Kamfanin yana tashi daga inda kake? Emirates ta dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗinta da suka maƙale, ba ta dawo Legas ba sai 1 ga Oktoban 2024. A tsawon wannan lokaci mai makinta ba shi da jirgin hawa daga gida. Sannan za a ba ka kujerar maki a lokacin da kake so? A goman ƙarshe na azumi, lokacin da kowa ke son Umara, kujerun kuɗi ma wuya suke yi. Wanda ya biya Hajji ta hukumar jin daɗin alhazai ta Jigawa kuma, dunƙule ya biya kuɗin kujera, hukumar alhazai ta ƙasa ce ke raba jihohi ga kamfanonin jirage, don haka maki ba ya rage masa ko kwabo. Na jirgin yawo ma galibi ejan ne ke sayen tikiti cikin ƙunshin da ya sayar masa.

Mataki na shida: wa zai riƙe katin, kuma ya iya?

Wannan tambaya ta kai har fadar gwamnati. A Fabrairun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su daina ba matafiya kuɗin guzuri a tsaba, sai ta kati. Da aka zo Hajjin 2025, aka yi ta koke cewa maniyyata da yawa manoma ne da dattawan karkara da ba su saba da na'ura ba. Bayan Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sa baki, aka amince a ba alhazan wannan shekara guzurinsu na dala 500 a hannu.

In Baba ko Inna za ka biya wa, kada ka miƙa musu kati a filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Dutse ka ce Allah ya kiyaye hanya. Ku je na'ura tare tun a gida, su danna da hannunsu har su saba. Su haddace lambar sirri, kada a rubuta ta a bayan katin ko a takardar da ke jaka ɗaya da shi. Su san cewa kuskuren lamba sau uku yana rufe kati. Su san kuma cewa ba a miƙa wa baƙo kati a bakin na'ura, ko da Hausa yake yi, ko da ya ce shi ɗan gida ne. In ba za su iya ba, a ba su tsaba, katin ya zauna a hannun ɗa ko amintaccen abokin tafiya.

Kada a manta da layin waya. Sayayya ta intanet, kamar tikitin jirgin ƙasan Haramain da ya fara aiki a 2018 tsakanin Makka da Madina, takan nemi lambar da banki zai turo ta layinka na gida. In ka cire layin ka sa na Saudiyya, lambar ba za ta iso ba, saƙon shiga da fitar kuɗi ma haka. A buɗe wa layin damar aiki a waje kafin a tashi, a tafi da waya mai ɗaukar layi biyu.

Mataki na bakwai: raba guzuri gida uku

Kashi na farko tsabar riyal ce, har da ƙananan takardu, don abinci, tasi, aski, sadaka da tsarabar bakin hanya. Kashi na biyu a kan kati, don manyan shaguna, kantin magani da masauki. Kula: wasu otal-otal kan riƙe wani kuɗi a katin a matsayin jingina, sai bayan an fita da kwanaki su sake shi. Kashi na uku ajiya ce da ba a taɓawa, a ɓoye ta daban da sauran. Asusun da katin ke ɗiba daga ciki kada ya zama shi ne rumbun gida; a sa masa gwargwadon tafiya, in ya yi ƙasa wani amintacce a gida ya ƙara. Kafin tashi a gwada katin da ƙaramar sayayya ta waje, in an sauka kuma a sake gwada shi tun tsaba ba ta ƙare ba.

Mataki na takwas: in an dawo, a bi sawu

Ajiye kowace takardar shaida da na'ura ta fitar, musamman in ta cire kuɗi a asusu ba ta ba ka komai ba. Da ka huta da 'yan barka da zuwa, karɓi bayanin asusunka ka bi shi layi-layi. Abin da ba ka gane ba, kai ƙorafi banki a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin. Mayar da kuɗin da suka maƙale a na'urar waje yakan fi na gida daɗewa. In bankin bai warware ba, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Daga ƙarshe ka sa a rufe damar kashewa a waje har wata tafiyar.

Hukuncin da wannan awo ke kaiwa shi ne: katin da ke ɗiba daga kuɗinka, wanda aka tabbatar yana aiki a waje kuma mai shi ya iya sarrafa shi, abokin tafiya ne nagari a gefen tsaba. Katin bashi mai ruwa kuwa, komai makin da ya yi alkawari, a bar shi. Ya kai maniyyaci, ka fara waɗannan tambayoyi tun wata guda kafin tashi, ka kuma taimaki dattijon da ke kusa da kai ya yi nasa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya karɓi ibada.