Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Nazarin Matsalar Nauyin Manhajar Tsaro a Kan Masarrafin Kwamfuta

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci matsalar da ke faruwa yayin da manhajar tsaro ta Microsoft Defender ta cinye ƙarfin masarrafin kwamfuta mai amfani da Windows. An bayyana yadda manhajar ke aiki, da dalilan da ke sa ta yi nauyi, da matakan gano tushen matsalar. Maƙalar ta nuna cewa nauyin alama ce ta wani aiki da ke gudana a ɓoye, kuma kashe manhajar yana jefa ayyukan manazarci cikin haɗarin salwanta.

Fitilun Kalmomi: masarrafi, manhajar tsaro, fayil, keɓewa

1.0 Gabatarwa

A yau kwamfuta ta zama rumbun manazarcin Hausa. A cikinta ne yake taskace kundayen bincike, da muryoyin hirarraki, da waƙoƙin baka da ya naɗo, da hotunan takardun ajami. Daga cikin matsalolin da kan dagula masa aiki akwai yadda na'urar kan yi nauyi ba zato ba tsammani: fanka ta riƙa ruri, jiki ya yi zafi, batir ya zuƙe, rubutu ya riƙa cijewa. Idan aka danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, tagar Task Manager za ta buɗe, a kuma tarar da wani aiki mai suna Antimalware Service Executable a saman jeri. Mutane da dama kan ɗauke shi a matsayin ƙwayar cuta, su nemi hanyar kawar da shi. Wannan fahimta ce maƙalar ke son gyarawa.

2.0 Masarrafi da Manhajar Tsaro

Masarrafi shi ne ɓangaren da ke aiwatar da duk umarnin da aka ba kwamfuta, kuma ana auna aikinsa da kashi cikin ɗari. Shi kuwa aikin da aka ambata a sama, wanda sunan fayil ɗinsa MsMpEng.exe, shi ne injin manhajar Microsoft Defender. Tun fitowar Windows 8 a shekarar 2012 wannan manhaja ta zama cikakkiyar garkuwa da ke zuwa tare da na'urar, inda ta maye gurbin Microsoft Security Essentials ta shekarar 2009.

Aikinta iri biyu ne. Na farko shi ne gadi na kowane lokaci, wato duba fayil a daidai sa'ar da aka buɗe shi, ko aka kwafa, ko aka sauke daga intanet. Na biyu shi ne sintiri, wato binciken da take yi bisa jadawali, galibi lokacin da na'urar ke zaune ba aiki. Bambance waɗannan biyun shi ne mabuɗin fahimtar matsalar, domin maganin kowanne daban yake.

3.0 Dalilan Nauyi

Nauyin da ya zo ya wuce cikin 'yan mintoci, musamman bayan kunna na'ura ko sabunta manhaja, ba matsala ba ne. Wanda ke buƙatar kulawa shi ne mai daɗewa ko mai yawan dawowa. Manyan dalilansa su ne:

i. Yawan taɓa fayiloli. Mai gadi ba ya motsawa sai an taɓa ƙofa. Idan wata manhaja tana buɗe dubban ƙananan fayiloli, kamar yadda kan faru wajen kwafar taskar matani ko daidaita ajiya da Google Drive ko OneDrive, kowane ɗaya sai an duba shi. Dubban ƙananan fayiloli kan fi babban fayil guda wahalar da injin.

ii. Sintirin da aka bari a baya. Kwamfutar da ake kashewa da zarar an gama aiki, saboda ƙarancin wutar lantarki, ba ta samun lokacin hutu, don haka binciken kan faɗo a tsakiyar aiki.

iii. Ƙunsassun fayiloli. Manhajar kan kwance fayilolin zip domin ta ga abin da ke ciki.

iv. Karo da wata manhajar tsaro. Defender kan ja da baya idan aka ɗora wata manhajar tsaro, ta kuma dawo idan wa'adin waccan ya ƙare. Ragowar tsohuwar da ba a cire da kyau ba kan sa su biyun su riƙa bin sawun juna.

v. Ainihin cuta. Wani lokaci injin yana fafatawa ne da muguwar manhaja da ta shigo ta filas, irin wanda kan zaga shagunan buga takardu.

4.0 Matakan Ganowa da Magancewa

Mataki na farko shi ne tabbatar da asalin aikin, domin miyagun manhajoji kan ari sunayen na gaskiya. A Task Manager ana iya neman wurin da fayil ɗin yake. Na gaskiya yana cikin foldar Windows Defender, ƙarƙashin ProgramData ko Program Files. Idan aka same shi a wani wuri dabam, sai a gudanar da Microsoft Defender Offline, wanda ke sake kunna na'urar ya bincike ta kafin Windows ta tashi.

Mataki na biyu shi ne sabunta Windows da bayanan tsaro, tare da cire duk wata tsohuwar manhajar tsaro gaba ɗaya.

Mataki na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne aunawa maimakon zato. A shekarar 2021 kamfanin Microsoft ya samar da ma'auni na musamman. Ana buɗe PowerShell da izinin mai gudanarwa, a ba da umarnin New-MpPerformanceRecording tare da sunan fayil ɗin da za a naɗi bayani a ciki, sannan a maimaita aikin da ke jawo nauyin. Bayan an tsayar da naɗin, umarnin Get-MpPerformanceReport zai jero fayiloli da manhajojin da suka fi cin lokacin injin. A nan ne mai laifi ke bayyana.

Idan sintiri ne sanadi, ana iya sauya lokacinsa a Task Scheduler zuwa sa'ar da ba a aiki. Haka kuma ana iya rage rabonsa da umarnin Set-MpPreference da ma'aunin ScanAvgCPULoadFactor, wanda asalinsa ke kan kashi 50 cikin ɗari, a mayar da shi 20 ko 30. Binciken zai ƙara tsawo, amma na'urar za ta sarara. Wannan ma'auni bai shafi gadi na kowane lokaci ba.

Idan kuwa gadin ne sanadi, sai a keɓe foldar da ma'auni ya nuna, ta sashen Exclusions na Windows Security. Keɓewa na nufin injin ya daina duba wurin, saboda haka dole ta kasance taƙaitacciya. Foldar muryoyin da manazarci ya naɗo da kansa za ta iya cancanta. Foldar abubuwan da ake saukewa daga intanet, ko filas, ko ɗaukacin ma'ajiyar kwamfuta, ba su cancanta ba ko kaɗan.

5.0 Haɗarin Kashe Manhajar

Kashe gadin daga Windows Security na ɗan lokaci ne, domin yakan dawo da kansa. Masu neman kashe shi dindindin kan sauke wasu manhajoji marasa asali, wanda hakan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Harin WannaCry na watan Mayun 2017 ya kulle fayiloli a ƙasashe fiye da 150, har da asibitocin Ingila, ta hanyar na'urorin da ba a sabunta ba. Ana iya sake buga babin kundi, amma hirar da aka yi da dattijon da ya riga mu gidan gaskiya ba ta da madadi. Bugu da ƙari, tallafin Windows 10 na bai-ɗaya ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, abin da ya ƙara wa masu tsofaffin na'urori buƙatar taka-tsantsan.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa nauyin MsMpEng.exe yana da sababi da ake iya aunawa. Tsarin da ya dace shi ne tabbatar da asalin aikin, da sabuntawa, da aunawa, sannan gyara jadawali ko keɓe folda guda. Ana ba sassan nazarin harsuna shawarar ajiye kwafin taskokinsu a ma'ajiya ta biyu da ba ta haɗe da kwamfuta, tare da sanya wannan darasi cikin horon da ake ba ɗaliban manyan digirori kafin fita aikin tattara bayanai.