Amsoshin Tambayoyinku: Horar da Iyaye don Kare Yara

Wata mai sauraronmu daga Zariya tana tambaya: shin da gaske akwai darussan da ake ba iyaye don hana cin zarafin yara?

To Malama, akwai su. Fitacce daga ciki shi ne Triple P, wanda Farfesa Matthew Sanders ya ƙirƙiro a Jami'ar Queensland ta Ostireliya. Ana koya wa iyaye yabon yaro in ya kyautata, kafa masa ƙa'ida bayyananna, da haɗiye fushi kafin hannu ya kai ga bulala. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tallafa wa iyaye cikin dabaru 7 na tsarinta na hana cin zarafin yara mai suna INSPIRE. Bincike ya nuna irin wannan horo yana rage dukan yara a gida.