Wayon Oktofas da Tulun Masunta

'Ya'yana, waɗanda suka haura shekara ashirin da biyar a cikinku ba za su manta da gasar cin kofin duniya ta 2010 ba, wadda aka yi a Afirka ta Kudu. A lokacin da wuya ka shiga gidan kallo a Wuse ba ka tarar ana gardama a kan wata dabbar teku da ake kira Paul ba. Oktofas ne mai hannuwa takwas, ana kiwonsa a wani gidan ajiye halittun ruwa da ke garin Oberhausen na Jamus. Kafin wasa sai a zura masa akwatuna biyu, kowanne da abinci a ciki da tutar ƙasa a jiki, wanda ya fara buɗewa a ce ƙasar ce za ta yi nasara. Sau takwas a jere yana dacewa, har da wasan ƙarshe da Sifaniya ta doke Holan da ci ɗaya da nema. Gaibu sai Allah, kuma Paul bai san ƙwallo ba bare Sifaniya. Dace ne irin wanda masu lissafi ke cewa yakan faɗo sau ɗaya cikin 256. Ni abin da ya tsaya mini a rai tun lokacin shi ne yadda dabba marar ƙashi ta gane murfi, ta buɗe, ta ɗauki abin da take so. Daga nan na shiga bibiyar labarinta, kuma akwai abin da nake so ku ji a ciki.

Allah ya yi wa oktofas zuciya uku da jini shuɗi. Duk jikinsa babu abu mai tauri sai bakinsa, wanda ke ɓoye a tsakiyar hannuwan, mai kama da na aku. Duk ramin da bakin nan ya wuce, sauran jiki zai bi. A 2016 wani da ake kira Inky ya tsere daga gidan kifaye na garin Napier a ƙasar Niyuzilan: ya sami ɗan gibi a saman tankinsa cikin dare, ya sauko, ya ja jiki a ƙasa har bakin wani bututun zubar da ruwa mai tsawon mita 50, ya bi ta ciki ya koma teku. Da safe sai sawunsa ma'aikata suka gani. Masana sun ce yana da ƙwayoyin jijiya kusan miliyan 500, kuma wajen kashi biyu cikin uku suna cikin hannuwan ne, ba cikin kai ba. A jikin kowane hannu akwai ƙananan bakuna masu tsotsa da mannewa, waɗanda ke jin ɗanɗanon duk abin da suka taɓa. Idan ya zura hannu cikin tsagar dutse, hannun da kansa zai gane kaguwa ce ko tsakuwa, tun ido bai gani ba.

Farautarsa ita ce abin kallo. Yakan sauya launin fatarsa cikin ƙasa da daƙiƙa guda, ya kuma sauya yanayinta ta yi gurji-gurji ko santsi, har ya saje da dutse ko yashin da ya kwanta a kai. Sai ya yi lamo yana jira. Da kaguwa ta matso zai faɗa mata, ya lulluɓe ta da fatar da ke tsakanin hannuwansa, ya cije ta ya zuba mata dafin da zai kashe mata jiki. Idan kuma abin da ya kama mai ɓawo ne da ya rufe kansa gam, zai fara gwada ja da ƙarfi. In ya buɗe, shi ke nan. In ya ƙi, ba ya tsayawa yana ta ja har ya gaji. Zai koma huda ɓawon da harshensa mai kaifi, ya yi ɗan rami, ya tsiyaya yawu mai dafi a ciki, ya jira naman ya saki. Ku da ke koyon gyaran waya a Banex, ku riƙe wannan. Na sha ganin yaro ya yi wuni yana maimaita abu ɗaya a kan wayar da ta ƙi tashi, yana huci, alhali aikin hanya ta biyu yake nema. A 2009 masu bincike daga Ostareliya sun ba da labarin wani nau'i a tekun Indunusiya da ke ɗaukar ɓawon kwakwa da aka yar, ya yi tafiya da shi a ƙarƙashin jikinsa duk da nauyin da yake ƙara masa, don idan haɗari ya zo ya shige ciki ya rufe. Wannan tanadi ne, ɗaukar wahalar yau saboda buƙatar da ba ta zo ba tukuna.

An daɗe ana ɗauka shi kaɗai yake farauta, sai wani masani ɗan ƙasar Fotugal, Eduardo Sampaio, da abokan aikinsa suka yi ta nutso a Bahar Maliya suna ɗaukar hotuna, suka fitar da sakamako a 2024. Sun ga oktofas yana fita neman abinci tare da ayarin kifaye iri-iri. Wasu kifaye masu gemu su ne 'yan leƙen asiri, su ke shiga gaba su gano inda abinci ya ɓuya. Shi kuma ya zo ya rufe dutsen da jikinsa, ya zura hannuwa cikin ramukan da kifi ba zai iya shiga ba. Abin da ya kama nasa ne, abin da ya kuɓuce ya fito na kifayen ne. Kowa ya samu fiye da abin da zai samu shi kaɗai. Amma a cikin ayarin akan sami ci-ma-zaune, kifin da ba ya neman komai, sai dai ya raɓe yana jiran a koro masa. Irin wannan oktofas yakan dunƙule hannu ya kai masa naushi, ya kore shi gefe. Ban ce ku riƙa naushin abokan sana'a ba, kada a je a ce tsoho ne ya sa ku. Ina dai so ku lura cewa ko a ƙarƙashin teku an san bambancin mai kawo wani abu da mai jiran rabo, kuma a kasuwar Wuse, tsakanin mai shago da dillali da ɗan dako da mai POS, an fi saurin ganewa.

To, duk wannan wayon, kun san da me ake kama shi? A gaɓar Muritaniya, musamman a garin Nuwadibu, kamun oktofas babbar sana'a ce, ana fitar da shi zuwa Japan da Sifaniya. Masunta kan ɗaura ƙananan tuluna, galibi na roba, a jikin doguwar igiya, su sauke su ƙasan teku su tafi abinsu. Ko abinci ba sa sawa a ciki. Oktofas dabba ce mai laushin jiki, kullum neman maɓoya yake, sai ya tarar da ɗaki shiryayye, daidai shi, babu wahalar haƙa ko kwashe yashi. Ya shige. Ranar da masunta suka dawo suka fara jan igiya, tulun a buɗe yake, babu murfi, babu ƙugiya, da ya so da ya fita. Sai dai ɗabi'arsa idan ya ji motsin haɗari ita ce ya ƙara manne wa bangon gidansa. Haka za a jawo shi har cikin kwale-kwale. Mutanen Japan da na Tunisiya sun daɗe ƙwarai suna kama shi da wannan dabara, kuma har gobe tana ci.

Dalilin da ya sa take ci shi ne zancen da ya kawo ni. Oktofas ba ya daɗewa a duniya. Yawancinsu shekara ɗaya zuwa biyu, manyan na tekun Fasifik su kai uku zuwa biyar. Namiji kan mutu ba da jimawa ba bayan barbara. Macen kuma ta saka ƙwai dubbai a cikin rami, ta zauna tana gadinsu, tana fesa musu ruwa, tana share su, ta daina cin abinci. A zurfin tekun Kalifoniya an ga wata da ta yi wata 53 a kan ƙwanta, daga 2007 zuwa 2011. Da ƙwan sun ƙyanƙyashe ita kuma ƙarfinta ya ƙare, sai mutuwa. 'Ya'yan su watse cikin ruwa marayu, ba uwa, ba uba, ba wa, ba kawu. Kuma ba wai ba sa iya koyo daga wani ba ne. A 1992 wasu masana biyu a birnin Naples na Italiya, Fiorito da Scotto, sun ba da rahoton cewa oktofas da ya kalli ɗan'uwansa yana zaɓar ƙwallo ja ko fara, shi ma yakan zaɓi irin ta. Basirar koyo tana nan, wanda za a koya a wurinsa ne babu. Duk abin da uwar ta gano a rayuwarta, har da sharrin tulu in ta taɓa tsira daga gare shi, tare da ita yake tafiya.

Ku ba haka Allah ya yi ku ba, shi ya sa abin ke ci mini rai. A 2016 wata harkar zuba kuɗi mai suna MMM ta yi tashe da alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi, hukumar SEC mai sa ido kan harkokin zuba jari ta yi, aka ce hassada ce. A watan Disamba na shekarar aka rufe asusun mutane, kuɗin makaranta da na haya da jarin shago suka tafi. Waɗanda abin ya ci suna nan da ransu, wasu a layinku suke, wasu ma iyayen gidanku ne. Ba a cika shekara tara ba, a watan Afrilun 2025, CBEX mai alkawarin ninka kuɗi ta rushe da dukiyar wasu dubban mutane, wasunsu yara ne a lokacin MMM. Kuma ku lura, ba dolaye ne ke faɗawa ba. Masu wayon ne, waɗanda suka iya waya da intanet, suke ce wa kansu za su shiga da wuri su fita kafin a ja igiya. Idan kuma alamun rushewa suka fara bayyana, maimakon su fita da abin da ya rage, sai su ƙara zuba kuɗi wai don a sakar musu na baya.

Mu ma manya muna da namu laifin. Wanda ya yi asara yakan ɓoye saboda kunya, sai ƙanensa ya taka sawun da ya taka. Alhazai na Zone 4 da iyayen gida na kasuwa, ku daure ku riƙa gaya wa yaranku inda kuka taɓa faɗuwa, ba inda kuka ci riba kaɗai ba.

Ku kuma 'ya'yana, abin da nake roƙonku kaɗan ne. Duk ranar da aka kawo muku wata harka wadda riba ta yi yawa, wahala ta yi kaɗan, aka kuma ce ku yi sauri kada a rufe, ku bari ta kwana. Ku tambayi me ake saya, me ake sayarwa, daga ina ribar ke fitowa. Ku duba ko kamfanin yana da rajista da SEC. Sannan ku sami mutum ɗaya da ya girme ku da shekara goma sha biyar ko ashirin, wanda ba shi da ko sisi a cikin harkar, ku zayyana masa komai, ku saurare shi har ya gama ko da abin da zai faɗa ba zai yi muku daɗi ba. Allah ya yi muku albarka, ya sa wa nemanku albarka.