Gigin tsufa tun yana farko-farko: amfanin zaman rukuni

A aikina na jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa a Gusau, da wuya a kawo mana dattijo tun mantuwa tana farko-farko. Sai ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida, ko ya fara zargin jikoki da sata, sannan a ɗauko shi daga Tsafe ko Bunguɗu. Kafin nan an ce gigin tsufa ne, an killace shi a ɗaki don gudun abin kunya. Wannan killacewar tana damuna ƙwarai, domin a daidai lokacin ne hira da mutane ta fi yi masa amfani.

Akwai tsarin motsa ƙwaƙwalwa a rukuni da Aimee Spector da Martin Orrell da abokan aikinsu suka tsara a Ingila. Gwajin da suka wallafa a 2003, a kan mutum 201, ya nuna ci gaba a tunani da jin daɗin rayuwa, kusa da abin da magungunan cutar mantuwa ke bayarwa. A 2006 hukumar lafiya ta NICE ta ƙasar ta ba da shawarar amfani da shi. An kuma daidaita shi da al'adun Afirka, aka gwada a Lalupon kusa da Ibadan da gundumar Hai ta Tanzaniya. A tsarin, mutum biyar zuwa takwas ke zama tare da masu jagoranci biyu, minti 45, sau biyu a mako, har mako bakwai.

Idan na zauna da dattawa, maza daban mata daban, da hantsi muke farawa, kafin rana ta kashe jiki. Allon rubuta kwanan wata na tsarin bai cika yi mana aiki ba, don da yawansu ba su yi boko ba. Sai mu tattauna watan Musulunci da ake ciki, da ko an fara yankan gero. Ranar hirar abinci ina zuwa da daddawa da kuka da tsabar maiwa a faifai, kowa ya taɓa, ya shinshina. Ranar hirar kuɗi kuwa akan tashi da gardamar fam da sule, da yadda aka sha ruɗani da naira ta shigo a 1973. Maza na son dara, da labarin jirgin ƙasa da a da yake kwasar gyaɗa daga Ƙaura Namoda.

Babbar ƙa'ida ita ce kada a yi wa dattijo jarrabawa. In ka ce, "Baba, yau wace rana?" ka tsayar da shi gaban sa'o'insa yana lalube, gobe ba zai dawo ba. Ra'ayinsa ake tambaya: "Baba, tuwon dawa da na masara, wanne ya fi riƙe ciki?" Wannan ba ta da amsar kuskure. Na ga wata Inna da 'yarta ta ce ta daina magana a gida, ta karɓi faifan ta ce, "Wannan daddawar ba ta nuna ba," ta shiga koya mana yadda ake dafa kalwa.

Zaman ba ya warkar da cutar, kuma ina faɗa wa iyalai haka tun ranar farko. Bai dace da wanda ciwonsa ya yi nisa ba. Sannan ruɗewar da ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, ta gaggawa ce: tana iya zama zazzaɓi, ciwon fitsari, sukari ko shanyewar ɓarin jiki, a garzaya asibiti. A riƙa auna hawan jini, a duba ji da gani, domin kurma yakan yi kama da mai mantuwa.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne dattawan da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, suna rakuɓe a gidajen dangi cikin gari, babu gona, babu majalisa. Inuwa da tabarma sun ishi wannan zama, in an samu ma'aikatan lafiya biyu da aka horar. Wanda mahaifinsa ya fara maimaita tambaya ɗaya, ya kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau a tantance shi tukuna.