Kafin a biya kuɗin gurbi, a je a ga makarantar

Alhajin ya shigo ofishin da fayil a hammata, 'yarsa na biye da shi kanta a sunkuye. Ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma ba baƙo ba ne ga mai wannan rubutu, wanda aikinsa shi ne ba ɗalibai shawara kan neman gurbin karatu. Shekara biyu kafin wannan rana ya taɓa zama a kujerar nan yana fara'a, riƙe da takardar da ta ce 'yarsa ta samu gurbin karatun aikin jinya a wata jami'a mai zaman kanta a tsallaken iyaka.

Yarinyar ta ci NECO da kyau, makin JAMB ne bai kai ta inda take so ba. Ana cikin jimami sai ga wani dillali, ɗan unguwarsu, da takardar talla mai sheƙi: dogon bene, filin ciyawa kore shar, ɗalibai cikin fararen riguna suna leƙa madubin gwaji. Ya ce shekara uku ne kacal, babu yajin aiki, gurbi kuma saura kaɗan, a biya cikin makon nan ko a ba wani.

A lokacin an ba Alhaji shawara guda ɗaya. Ya ɗauki 'yarsa su je su ga wurin kafin ya fitar da ko sisi.

"Haba Malam," in ji shi, "yaron nan a gabana aka haife shi. Zai cuce ni ne? Ga nisa, ga kasuwa babu mai tsare mini."

Ya sayar da fili ya biya. Ko rakiya bai yi ba, dillalin ne ya tafi da ita tare da wasu yara. Abin da ta tarar shi ne hawa na sama na wani gidan haya, ƙasansa shagunan sayar da waya. Azuzuwa ƙalilan, malamai masu zuwa yau su ɓace mako guda. Ɗakin gwaji babu. Asibitin da za a yi koyon aiki kullum "ana kan magana". Benen da ke jikin takardar talla ba ta taɓa ganinsa ba har ta baro garin. Ta gane tun a makon farko, amma ta yi shiru, don ta san da kuɗin me aka kawo ta. Duk sanda Baba ya kira sai ta ce lafiya lau. Sai da ta ji waɗanda suka riga ta gamawa sun koma gida an ƙi karɓar takardunsu, sannan ta fashe wa mahaifiyarta da kuka a waya.

Fayil ɗin da Alhaji ya ajiye a tebur sakamakon shekara biyu ne, yana neman inda za a karɓe ta ta ɗora. Babu wurin. Sai dai ta sake sayen fom ɗin JAMB, ƙannenta na baya sun cim mata. Abin da ya fi ƙona rai, kuɗin motar zuwa da dawowa na mutum biyu bai kai na akwatin kayan da aka haɗa mata ba.

Ba wai ba a yi gargaɗi ba. A watan Disamba na 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya yi amfani da shi ya shiga bautar ƙasa. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo. Zuwa Agusta, ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce 'yan Najeriya sama da 22,000 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i biyar kawai aka amince da su a Benin, uku a Togo. Duk da haka dillalan ba su rufe shago ba. Sun canza takardar talla ne kawai, iyaye kuma suna miƙa kuɗi ta waya ga makarantar da ba su san launin ƙofarta ba. Mutumin da ba zai sayi ragon layya ba sai ya shafa bayansa ya duba haƙoransa, shi ne zai tura 'yarsa shekara huɗu kan hoto.

Takardar gurbi gayyata ce, ba umarni ba. A je a gani. A je ranar aiki, ana tsakiyar zango. Kada a je da dillali. Kada a biya kafin a dawo.

In an je kuma, ba ƙofar shiga da ofishin shugaban jami'a aka zo kallo ba, waɗannan kullum a share suke. A nemi sashen da yaron zai yi karatu. A tambayi shugaban sashe matsayin kwas ɗin a wurin hukumar jami'o'i ta NUC, kwas ɗin kansa, domin jami'a na iya zama halastacciya alhali wani kwas nata bai samu amincewa ba. Mai karatun jinya ya tambayi amincewar hukumar jinya da ungozoma, mai likitanci ya tambayi ta hukumar likitoci MDCN da adadin da ta yarda a ɗauka, haka injiniya da hukumar injiniyoyi COREN. Ajin da aka cusa wa ɗalibai fiye da adadin da aka ƙayyade, wasu za su gama su zauna jiran layi. Sannan a samu 'yan ajin ƙarshe a kantin abinci, ba wanda makaranta ta zaɓo ya zagaya da baƙi ba, a yi musu tambaya ɗaya: waɗanda suka gama bara, sun tafi bautar ƙasa?

Ko manyan jami'o'in gida suna buƙatar wannan ziyara, ko da dalilin ya bambanta. Ɗalibin shari'a a ABU da ya kama ɗaki a Samaru zai tarar tsangayarsa tana Kongo, kullum sai ya ratsa Zariya. A Bayero akwai tsohuwar jami'a da sabuwa a hanyar Gwarzo, ga asibitin Malam Aminu Kano can hanyar Zariya inda ɗaliban likitanci ke ƙarasawa. Kuɗin mota na tsawon shekarun karatu ba ƙaramin lissafi ba ne ga uban da ke ƙirga albashi. A leƙa ɗakin kwanan ɗalibai, a ƙirga katifu, a buɗe famfo. A tsaya har magariba a ga ko akwai fitila tsakanin ɗakin karatu da masaukin mata. Asibitin makaranta ma a leƙa.

Gurbin cikin gida da bai fito a tsarin CAPS na JAMB ba, tun 2017, ba gurbi ba ne, ko wane ne ya sa hannu a takardar. Kuma duk wanda ya ce a biya yau ko gurbi ya tafi, a nemi lambar asusun makarantar daga ofishin kuɗinta. Idan sunan mutum ne ya fito a jikin asusun, a mayar da wayar aljihu.