Ma'anar "Yana Ta Dawo" A Bakin Mutanen Tambuwal Da Kebbe

A Hausa, yana ita ce fatar nan da kan taru a saman kunu ko dafaffiyar madara idan sun huce. Da wannan suna ne Bahaushe ya kira farin da ke rufe ganin tsoho. Binciken makanta da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa yana ce ke haddasa kashi 43 cikin ɗari na makanta.

Maganinta shi ne a cire ƙwayar da ta dushe, a dasa ta roba a gurbinta. Likita Harold Ridley ne ya fara wannan aiki a Landan cikin 1949.

Sai dai akan sami dattijon Tambuwal ko Kebbe da aka yi wa aiki a Sakkwato, bayan shekara biyu ko uku ganinsa ya sake dushewa, sai ya ce yana ta dawo. Alhali ƙwayar roba ba ta yin yana. Likita kan bar siririyar jakar da ƙwayar asali take ciki domin ta riƙe sabuwar. Ƙwayoyin halittar da suka saura a jikin jakar su ne ke yaɗuwa har su tare haske. Akan huda jakar da hasken lesa cikin 'yan mintoci, ba tare da yanka ba.

Haɗarin wannan furuci shi ne, wanda ya ɗauka aikin asibiti ya ɓaci yakan koma wurin mai tsinken gargajiya, ya rasa idon ɗungurungum. Saboda haka wajibi ne masana Hausa su samar da kalmar da za ta bambanta yana ta farko da wannan hazo na biyu.